Me Ya Taɓa Idon Amarya?

Ranar Lahadi aka kai 'yar wana ɗakinta a Makarfi daga gidanmu na Hunkuyi. Ranar Talata da hantsi yayar ango ta bugo mini waya, ta ce amarya ta tashi da ciwon ido, amma kada hankalina ya tashi, apollo ne, har an karɓo mata maganin ɗigawa a kemis. Da dare aka ce jan ya ragu, ta ma ci tuwo. Ranar Alhamis da asuba kuma aka ce in zo.

Na same ta a ƙuryar ɗaki, an saki labule, ta ƙudundune cikin mayafi, ko hasken waya ba ta iya jurewa. Idon dama lafiya ƙalau. Na hagu ya kumbura ya yi jawur, kwantsa mai kauri na ta fita. Da na lallashe ta ta buɗe, sai ga wani farin ɗigo kamar ƙwayar riɗi a kan baƙin idon, ɗan gefe kaɗan da tsakiya. Na sa mata tabarau ɗinta na magani, na ɗaga yatsu a gabanta, ta ce inuwa kawai take gani.

A tsakar gida kowa da tasa. Wasu suna nan a kan apollo, wasu suka ce hayaƙin turaren wuta ne, wasu suka ce kukan rabuwa da gida ne ya yi yawa. Wata tsohuwa ta rage murya ta ce amarya irin wannan ba ta rasa mai baki a kanta. An kawo rubutu, ana kuma neman mai jego ta tatso nono a ɗiga. Na ce rubutu dai ta sha, Allah Ya sa albarka, amma idon nan ba abin da zai ƙara shiga cikinsa sai likita ya gani. Uwar miji, Allah Ya saka mata, ta goyi bayana. Muka fito ta Tashar Yari muka kama hanyar Zariya, ni da amarya da yayar ango.

A asibiti, likitar da ta duba ta ta ɗiga wani ruwa mai launin ɗorawa a idon, ta haska shuɗiyar fitila ta cikin na'urar hange, wurin ciwon ya ɗauki tsanwa. Ta ce gyambo ne a tantanin da ya rufe baƙin ido. Tantanin nan garai-garai yake, kaurinsa bai wuce rabin milimita da ɗan abu ba, kuma ta cikinsa duk wani haske yake shiga. In gyambon ya ci ya huda shi, ido na iya tafiya. In ya warke, ya bar tabo, tabon shi ne hakiya. Ta kankari kaɗan daga bakin ciwon ta aika ɗakin gwaji, ta ba da gado, ta sa a fara ɗiga magani kowace awa, dare da rana, ba tare da jiran sakamako ba.

Sannan ta nemi a nuna mata maganin kemis. Ta juya kwalbar, ta ɗora farce a kan kalmar dexamethasone. Nan ƙulli na farko ya warware, wato dalilin da ciwon ya yi kamar ya lafa sannan ya dawo da ƙarfi. Magani ne na dangin sitiroyid. Yana kwantar da ja da kumburi nan take, shi ya sa masu saye suke yabonsa, amma da hannu ɗaya yake kwantar da garkuwar ido, sai ƙwayar cuta ta samu fili. A idon da ke da gyambo, likita ne kaɗai ya san lokacin da ake sa shi, in ma za a sa.

Amma maganin kemis ƙara wa wuta mai ya yi, ba shi ya kunna ta ba. Likitar ta ce tantanin idon yarinya 'yar shekara ashirin da biyu, mai lafiya, ba ya yin gyambo haka kawai. Hawaye na wanke shi, ƙiftawa na share shi, fatarsa ta sama ba ta barin ƙwayar cuta ta kama. Sai an buɗe mata ƙofa. Ta tambayi amarya ko wani abu ya soke ta, ta ce a'a. Ko ta taɓa irin wannan ciwon, a'a. Ko tana sa gilashin cikin ido, irin wanda ake manna wa a kan baƙin ido. Amarya ta saci kallon yayar mijinta, ta sunkuyar da kai, ta ce a'a.

Da yake ni ce mai jinya, kuma mai ɗiga magani kowace awa ba ta barci, sai na shiga bin waɗanda ake tuhuma ɗaya bayan ɗaya, abin da ya shige mini duhu in tambayi ma'aikatan jinya.

Apollo bai daɗe ba ya fita. Tun da ya ɓulla a Ghana a 1969 halinsa sananne ne: ya kama ido ɗaya ya tsallaka ɗayan cikin kwana ɗaya ko biyu, ya bi gida kaf, ya tafi da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu, kuma ba ya fitar da farin ɗigo. A gidan biki mai cike da yara, ba wanda ya kamu ko a Hunkuyi ko a Makarfi. Turaren wuta da kuka ba su san dama da hagu ba. Gam ɗin gashin ido na kanti, da shi ne, fatar ido biyu za ta kumbura. Kwalli yana da nasa laifin, don da yawansa akwai dalma a ciki, amma tandu ɗaya ta yi amfani da shi da ƙannenta, su kuma ga su nan garau.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne ganyen rake. Duk wanda ya tashi a ƙasar Kudan da Makarfi ya san dattawa masu hakiya a ido ɗaya, in ka tambaya a ce ganyen rake ne ya shafce shi a fadama, ko ƙaiƙayi ya faɗa masa wajen sussuka. A karkararmu wannan ce babbar ƙofar gyambon ido, kuma yawanci ƙwayar cuta dangin fumfuna ce take biyo ganyen. Sai dai ita a hankali take ci, takan ɗauki kwanaki da yawa ko makonni. Na amarya cikin kwana biyu ya yi wannan ɓarna. Ga shi kuma yarinyar da aka sa a lalle, ko ƙofar gida ba ta leƙa ba, ina ta ga gonar rake?

Sakamakon gwaji ya fito da suna: Pseudomonas. Likitar ta ce ƙwayar cuta ce mai son danshi, ana samunta a ruwa da bakin famfo da jiƙaƙƙen mazubi, tana da saurin cin tantanin ido, kuma a duniya an fi saninta a idon masu sa gilashin cikin ido. Da ta faɗi haka ni ta kalla, ba amarya ba.

Hotunan biki ne suka ƙarasa maganar. Ina zaune a gefen gado ina duba su a waya, sai na lura idon amarya a hoton kamu ruwan zuma ne, alhali duk zuri'armu baƙin ido gare mu. Wannan ba hujja ba ce, masu hoto na yanzu har hanci suna gyarawa. Abin da ya tsaya mini shi ne wani abu da ya faru ranar wuni. Na shigo daga zaure, tana can ƙarshen tsakar gida a cikin ƙawaye, ta ɗaga hannu ta kira ni tun kafin in yi magana. Yarinyar nan tun tana aji biyu a sakandare take sa tabarau, in ta cire shi ba ta bambance ni da uwarta daga bakin rijiya. A hotunan biki kaf babu tabarau a fuskarta. To da me ta hango ni?

Na bari sai da yayar ango ta tafi salla.

"Ke, dube ni nan. Ranar wuni da wane ido kika gan ni?"

Ta yi shiru, sannan hawaye ya zubo daga mai lafiyar. "Gwaggo, don Allah kada Baba ya ji."

Ba ta so a yi mata hoton aure da tabarau, shi ke nan laifinta, kuma duk macen da ta taɓa zama amarya ba za ta yi mata dariya ba. Wata mai sayar da kayan kwalliya ta waya ta ce ta turo hoton takardar gwajin idonta, za a kawo mata mai launi kuma mai lambarta. Aka aiko da shi a mota. Na sa aka ɗauko kayan daga ƙasan akwatin lefe: ƙananan kwalabe biyu, ɗan mazubi mai gida biyu, robar ruwan jiƙo wadda babu ko ɗigo a ciki, da takardar. Abin da ke cikin mazubin ba gilashi ba ne ko kaɗan, wata leda ce mai santsi da taushi. Wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Cek, Otto Wichterle, shi ya fara ƙera irinta a gidansa a 1961. A jikin kwalbar an rubuta kashi 38 cikin ɗari nata ruwa ne. Abin da yake shan ruwa haka, duk ruwan da aka sa shi a ciki zai sha, da abin da ke cikin ruwan.

Amarya ta kunna mini saƙon muryar mai kayan. Cewa take yi shekara guda yake yi, kuma a duba jikin kwalba, sai 2028 zai lalace. Na duba, haka aka rubuta. Ita amarya abin da ya ɗaure mata kai ke nan: kaya sabo, kwanan watansa da saura, lamba tata ce, kwana huɗu kacal ta sa. Ta ina cuta ta shigo?

Mai gwajin ido na sashen, wani dattijo mai haƙuri, shi ya baje kayan a tebur ya ce, "Hajiya, wa'adi uku ne a harkar nan, mutane ɗaya suke karantawa, kuma shi ne mafi ƙarancin amfani." Na jikin kwalba na kayan da ba a buɗe ba ne, ranar da aka fasa murfi ya gama aikinsa. Na biyu shi ne kwanakin sawa bayan an buɗe. Akwai na yini ɗaya a yar, akwai na mako biyu, akwai na wata, kuma daga ranar buɗewa ake ƙirgawa, ko an sa kullum ko sau biyu aka sa. Masu cewa shekara, ya ce, su ne suka fi tara datti, don ba mai iya tsabtace abu ɗaya tsawon wata goma sha biyu ba tare da kuskure ba. Na uku shi ne wa'adin takarda, kuma a nan ya ɗaga tata ya girgiza kai.

Takardar ta shekara huɗu da suka wuce ce, kuma ta tabarau ce. Takardar tabarau ƙarfin gilashi take faɗa. Ta gilashin cikin ido tana ƙara abubuwan da ba a sanin su sai an ɗora shi a kan idon an duba: lanƙwasarsa, faɗinsa, sunan kamfani da irin ledar, sannan ranar da takardar za ta daina aiki. Ya nuna mini a kwalba, 8.6 lanƙwasa, 14.5 faɗi, duka a milimita. Ba wanda ya auna idon yarinyar ya ce waɗannan ne nata, abin da ke cikin jakar mai kaya ke nan. Ko ƙarfin ma ba ɗaya ba ne. Tabarau yana zaune nesa da ido da kamar milimita 12, wannan kuwa a kan ido yake, don haka in lamba ta haura 4 sai an sake lissafi. Tata ta haura.

Na tambaye shi takardar gaskiya wata nawa take yi. Ya ce a aikace shekara guda, daga nan a dawo a sake dubawa. A Amurka doka ce: tun dokar 2003, wadda aka fara aiki da ƙa'idojinta a 2004, takardar tana yin aƙalla shekara ɗaya sai in likita ya ga dalilin rage wa'adin, wasu jihohi suna ba da biyu, kuma mai sayarwa ba shi da ikon sayarwa sai ya ga takarda mai rai ko ya tabbatar daga wanda ya rubuta. A 2005 suka shigar da na ado zalla cikin kayan asibiti. A Ingila ma takardar tana ɗauke da ranar ƙarewa, kuma sai mai rajista yake gwada wa mutum. A nan gida akwai hukumar rajistar masu gwajin ido da masu haɗa tabarau, ODORBN, tun 1989, kayan asibiti kuma NAFDAC ke yi musu rajista. Dokar dai tana nan a rubuce, kasuwar waya kuwa ba ta tambayar kowa takarda.

Ni da farko na ɗauka wa'adin shekara dabarar cin kuɗi ce irin ta masu sana'a, kuma na faɗa masa. Ya yi dariya ya ce ba lamba kaɗai ake dubawa ba, lamba na iya zama daram shekara biyar. Tantanin ido ba shi da jijiyar jini, daga iska yake shan oksijin ta cikin hawaye. In aka rufe shi da leda wata da watanni yana ƙishin iska, sai ƙananan jijiyoyi su fara kutsowa daga gefe, mai ido bai sani ba. Ƙarƙashin fatar ido ta sama kan yi ƙuraje. Hawaye kan ragu. Juna biyu da ciwon sukari suna sauya ido. Kuma daɗewa ana sawa yana rage wa tantanin jin zafi, wato mai gadin da zai yi ihu shi ne yake fara yin barci. Duk waɗannan a na'ura ake ganinsu kafin mutum ya ji a jikinsa.

Saura tambaya ɗaya, wadda tun a Makarfi take cina: me ya sa hagu kaɗai? Ido biyu ta sa wa, daga mazubi ɗaya.

A hankali ta ba ni labarin. Ruwan jiƙon ɗan ƙarami ne, ta kuma zuba wa babbar ƙawarta rabi. Daren Asabar ya ƙare, sai ta fasa ruwan leda ta cika mazubin, a ganinta ai ruwa mai tsabta ne. Mai tsabta ne ga ciki, amma ba a kashe duk abin da ke cikinsa ba, kuma ba ya kashe abin da hannu ya kawo. Likitar ta ce mu gode Allah da abin ya tsaya a Pseudomonas, don akwai wata halitta a ruwan rijiya da na famfo da tanki, Acanthamoeba, wadda jinyarta watanni take ci. Ko ruwan jiƙo na kamfani ba a yi masa ƙari a kan tsoho, zubarwa ake yi a sa sabo kullum, mazubin kuma a sauya shi duk wata uku. A 2006 sai da kamfanin Bausch & Lomb ya janye wani ruwan jiƙonsa daga kasuwannin duniya bayan ɓarkewar gyambon fumfuna a Singafo da Hong Kong da Amurka, kuma cikin abubuwan da aka lura da su har da wannan ɗabi'a ta ƙari a kan tsoho.

To daga daren Asabar gilasan biyu duk sun ɗauki cuta. Ranar Lahadi ta sa su tun safe, aka yi ta kuka, aka biyo hanya cikin ƙurar hunturu. Sai bayan an gama sayen baki, dare ya raba, ta samu kanta. Na dama ya fito. Na hagu ya manne. Ta yi ta tsunkulinsa da dogayen faratan roba da aka sa mata, har ta ji zafi, ga ango a ɗaki, ga kunya. Ta bar shi ta kwanta, sai da safe ya fito. Ido a rufe da ma iskarsa kaɗan ce, balle an ƙara masa leda mai fenti. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 1989 ya samu gyambo a wajen mutum 4 cikin 10,000 a shekara a masu cirewa kullum, wajen 21 a masu kwana da shi. Hukumar CDC ta Amurka tana cewa barci da shi yana ninka haɗarin sau shida zuwa takwas. Idon dama ya haɗu da ƙwayar cuta ƙofa a rufe. Na hagu ya kwana da ita, da ƙarzunan farce, babu iska.

Da likitar ta ji zancen tsunkuli sai ta sake juya fatar idon ta sama ta leƙa ko wani yanki ya maƙale. Amarya ta tambaya ko zai iya zagayawa bayan ido. Ta ce babu hanya, amma yana iya naɗewa ya ɓuya a sama. A Solihull ta Ingila, a 2016, an je yi wa wata mata 'yar shekara 67 aikin yanar ido aka tarar da guda 27 a ido ɗaya. Namu dai ba a samu komai ba.

Dalilin mannewar sai bayan makonni aka gane, da ciwon ya rufe aka iya auna idon. Tantaninta bai kai na yawancin mutane lanƙwasa ba, na hagu ma ya fi shimfiɗa. Gilashin da ya fi ido lanƙwasa kama shi yake yi ya ƙi motsi, hawaye ba ya zagayawa ƙarƙashinsa, in ya bushe ya like. Wanda ya dace, da an ƙifta sai ya ɗan motsa. Dattijon ya ce da a gabansa aka fara sa mata, cikin minti kaɗan zai ce a cire, ya kuma koya mata yadda ake ɗiga ruwan da aka yi don haka a jira ya saki, da yanke farce, da busar da hannu, da runtse ido sosai wajen wanke fuska a alwala. Ana samun masu wannan aiki a sashen ido na asibitin koyarwa da ke Shika, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano. Daga Makarfi ko Hunkuyi zuwa Shika tafiyar safiya ce a dawo kafin la'asar.

Hakiyar ta zauna, amma da yake ta kauce wa tsakiya, da sabon tabarau tana karatu tana ɗinkinta. Fitilar mota da dare ce take watse mata a idon. Babanta ya ji, don ba a ɓoye kwanan asibiti, faɗansa kuma bai kai yadda ta ji tsoro ba.

Tun muna asibiti na nemi lambar ƙawar da aka zuba wa rabin ruwan, 'yar Ikara ce. Na same ta tana shirin wani bikin a Paki, nata suna cikin idonta a lokacin da muke magana. Ta ce, "Gwaggo, ai nawa ba na magani ba ne, na ado ne kawai, ba ruwansa da takarda." Na ce lanƙwasa da faɗi ba su san ado ba, ta cire yanzu, ta zo da su da mazubin. Ta zo tana ƙunƙuni. Da aka ɗiga mata ruwan ɗorawa aka haska, sai ga ƙananan ƙarzuna a ido biyu, da shatin bakin gilashin zagaye da baƙin idon. Gyambo bai kama ba tukuna. Aka jefa kayan a kwandon shara a gabanta, aka ba ta magani, aka rubuta mata ranar dawowa bayan mako biyu. Bikin Paki da baƙin idonta ta je.